Bayan zuwan 5G, intanet ɗin wasu gidaje ya koma tafiyar hawainiya

Tun da 5G ta shigo Najeriya a 2022, akwai magidantan da intanet ɗin gidansu ya ja baya, ga shi sun riga sun biya kuɗin data. Sau da yawa laifin bango ne. Zangon 3.5GHz na 5G ba ya ratsa bulo da siminti kamar ƙananan zangunan 4G, amma rauta takan nace wa siginar 5G komai rauninta. Matsar da rautar bakin tagar da ke fuskantar sandar sadarwa, ko tsayar da ita a kan 4G daga saitinta, yakan dawo da gudun. Idan kuwa sai bayan magariba yake rarrafe, cunkoso ne. Nan sai a kai wa kamfanin ƙorafi. In ya yi kunnen uwar shegu, a kira 622, layin hukumar NCC.