Kama da Wane Ba Ta Wane: Kayan Ƙwalamar Hausawa a Madubin na Tamil da Koriya

Tsakure

Maƙalar ta ɗauki muhawarar da ake yi kan kamannin kayan ƙwalamar mutanen Koriya da na Tamil, ta auna ta da abin da ake gani a farantin talla da kayan gara a ƙasar Durun ta ƙaramar hukumar Kabo, yammacin jihar Kano. Ta nuna cewa kamanni tsakanin cimar al'ummu biyu kan samo asali ta hanyoyi uku: haɗuwar dabara, ko aro, ko ƙaurar mutane. Manazarcin da bai rarrabe su ba yana iya ƙulla zumuntar da babu ita.

1.0 Gabatarwa

A Durun, kamar sauran garuruwan yankin Kabo da Gwarzo, ba a rasa mai waina da tandarta da sassafe, da mai ƙosai, da yara masu tallan kantu da daƙuwa da alewa. Idan aure ya tashi kuwa, sai alkaki da nakiya da dubulan su fito cikin gara. Kusan kowanne daga cikin waɗannan yana da takwara a kudancin Indiya ko a Koriya, ƙasashen da Bahaushen dauri bai yi cinikayya da su kai tsaye ba. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: me irin wannan kamanni ke tabbatarwa, me kuma ba ya tabbatarwa?

2.0 Muhawarar Koriya da Tamil

Masu ganin akwai tsohuwar dangantaka tsakanin Koriya da Tamil sukan jera misalai. Songpyeon na Koriya da kozhukattai na Tamil duk curin garin shinkafa ne da ake cusa wa abin zaƙi a turara, kuma duk abincin biki ne. Yakgwa da adhirasam duk soyayyen ƙulli ne mai zaƙi. Sukan ƙara da cewa a harsunan biyu appa na nufin uba. Sai su ɗaure zancen da labarin da ke cikin Samguk Yusa, littafin ƙarni na 13, wanda ya ce wata gimbiya mai suna Heo Hwang-ok ta iso Koriya ta teku a shekara ta 48 Miladiyya daga wata ƙasa Ayuta, ta auri Sarki Suro na Gaya. Wasu sun ce Ayuta ita ce Ayodhya ta arewacin Indiya, wasu sun ce tana kudu, a ƙasar Tamil. A 1905 Homer Hulbert ya wallafa littafin da ya kwatanta nahawun Koriyanci da na harsunan Dirabidiya, dangin da Tamil ke ciki, amma galibin masana kimiyyar harshe ba su karɓi wannan dangantaka ba.

Wannan tsarin hujja ba baƙo ba ne ga ɗalibin Hausa. Mu ma muna da Bayajida, baƙon da aka ce ya fito daga Bagadaza ya auri Sarauniya Daurama, muna kuma da ra'ayoyin da ke danganta Hausa da Habasha, da Gobirawa da Kibɗawan Masar. Saboda haka tantance hujjar kamanni aiki ne da ya shafe mu kai tsaye.

3.0 Kamannin da Dabara ta Haifar

3.1 Waina da Paniyaram

Mai waina takan jiƙa shinkafa, ta haɗa da ɗan dafaffe, a niƙa, a bar ƙullin ya kwana ya tashi, sannan ta soya a tanda mai gurabu. Matar Tamil takan jiƙa shinkafa da wani baƙin wake da suke kira ulundu, ta niƙa, ta bari ya tashi, ta soya a kasko mai gurabu. Sunansa kuzhi paniyaram, kuma wanda ya gan shi a faranti zai rantse waina ce. Haka sinasir yake da dosa. Sai dai irin wannan kasko yana nan a Japan, inda ake soya takoyaki, da Tailan, da Denmak. A wajen waina da paniyaram dalilin a bayyane yake: garin shinkafa, da na gero da dawa, ba su da danƙon da alkama ke da shi, don haka ƙullinsu ba ya tsayuwa a mulmula shi a gasa kamar burodi. Ruwa-ruwa yake, yana buƙatar gurbin da zai riƙe shi, gurbin kuma yana rage cin mai. Shinkafar ma ba daga Asiya ta fara zuwa mana ba, domin Afirka ta Yamma tana da tata, wadda aka fara nomawa a yankin kogin Kwara dubban shekaru da suka wuce.

3.2 Kantu da Takwarorinsa

Kantun riɗi shi ne ellu urundai a wurin Tamil, shi ne kuma kkae-gangjeong a Koriya. Duk wanda ke da ƙwaya mai mai da abin zaƙi mai danƙo zai kai ga wannan dabara. Abin zaƙin ne ke bambanta: Bahaushe yana da zuma da maɗi da mazarƙwaila, Tamil suna da vellam, wato mazarƙwailarsu ta rake, Koriya kuma suna da jocheong da ake tsamowa daga hatsi. Na gyaɗa ya fi ba da haske. Garin Kovilpatti a jihar Tamil Nadu ya shahara da kadalai mittai, wanda ba shi da maraba da kantun gyaɗa. Amma gyaɗa tsiron Kudancin Amurka ce, ba ta isa Afirka da Asiya ba sai bayan jiragen Turawan Fotigal da Sifen sun fara ƙetare teku, wato daga ƙarni na 16. Ke nan ba yadda za a yi wannan kamanni ya zama shaidar wata dangantaka ta shekara dubu biyu.

3.3 Gara

A wurin Hausawa dangin amarya ke kai gara gidan ango. A Koriya akwai ibaji, abincin da iyayen amarya ke aikawa gidan surukai. A wurin Tamil akwai seer, wanda adhirasam da murukku ke cikinsa. A duk wuraren uku da yawa daga cikin kayan da aka zaɓa soyayyu ne ko masu zaƙi ƙwarai. Suya tana fitar da ruwa, zuma da sukari kuma suna hana ruɓa, shi ya sa nakiya mai kyau kan yi watanni ba ta lalace ba. Haka nan alkama da zuma da man shanu kayan tsada ne, don haka yawansu kan nuna ƙarfin gidan da amarya ta fito. Buƙata ɗaya ce ta haifar da amsa ɗaya.

4.0 Kamannin da Tarihi ya Haifar

4.1 Aro

Akwai inda dangantakar take ta gaske, kuma a nan harshe kan bar sawu. Alkama daga Larabci al-ƙamh take, alkaki daga al-ka'ak, kamar yadda albasa ta fito daga al-basal. Harafin al- na Larabci ya manne ya zama ɓangaren kalmar, abin da Greenberg ya yi bayani a kansa tun 1947 a nazarinsa na kalmomin aro na Larabci a Hausa. Bayan shaidar harshe akwai ta mazauni: fataken Gadamas da Turabulus sun zauna a birnin Kano, Barth ya tarar da su a 1851, kuma sunayen unguwanni irin su Alfindiki da Dandalin Turawa suna tuna zamansu. Daga birni irin wannan cima ta bazu zuwa ƙauyuka ta hanyar aure da kasuwa.

Ta wannan hanya ce kaɗai Hausa da Tamil suka haɗu da gaske. Alewa ta Bahaushe da alva ta garin Tirunelveli duk daga halwa ta Larabci suke, ko da yake tasu mai laushi ce ta alkama da man shanu. Sukari kuma ya zo mana daga Larabci, Larabci ya karɓo daga Farisanci, shi kuma daga Sanskirit, inda Tamil ma suka samo sarkkarai. Abin lura shi ne, waina da paniyaram sun yi kama a ido amma ba su haɗa tarihi ba, alhali alewa da alva sun bambanta a ido amma sunansu tushe ɗaya ne.

4.2 Ƙaura

Ƙosai ya yi kama da vadai na Tamil, ba tare da wata alaƙa ba. Amma acarajé na Bahiya a Burazil shi ne akara na Yarbawa, wanda bayin da aka kwashe daga gaɓar Afirka ta Yamma suka tafi da shi. A nan suna, da wake, da manja, da tarihin jiragen bayi duk sun yi shaida tare.

5.0 Ma'aunin Tantancewa

Daga misalan nan ana iya fitar da tambayoyi huɗu da ya kamata manazarci ya yi kafin ya yanke hukunci. Na farko, shin sunayen sun dace bisa ƙa'idar sauyin sauti da ake gani a wasu kalmomi, ko kuwa dacen kunne ne kawai? Masa a Sifaniyanci na nufin kwaɓaɓɓen gari, amma wannan shi kaɗai bai isa ya haɗa ta da masar Hausa ba. Kalmomi irin su appa da baba da mama kuwa daga gwalantun jarirai suke, kamar yadda Jakobson ya nuna a 1960, don haka ana samunsu a harsuna barkatai. Na biyu, yaushe kayan haɗin suka iso ƙasar? Na uku, akwai sananniyar hanyar fatauci ko ƙaura da ta haɗa al'ummun biyu? Na huɗu, shin yanayin kayan haɗin shi kaɗai zai iya tilasta wannan dabara?

6.0 Kammalawa

Kamannin kayan ƙwalamar Koriya da Tamil gaskiya ne, amma farantin talla na Durun ya nuna cewa da irin wannan hujja za a iya mayar da Bahaushe ɗan'uwan su duka biyun. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Aikin da ke gaban manazarta shi ne tattara sunaye da hanyoyin sarrafa waɗannan kaya daga bakin tsofaffin mata a garuruwa irin su Durun, tun da cincin da biskit na kanti sun fara maye gurbin nakiya da alkaki a cikin gara. Idan masu ilimin suka ƙare, shaidar da za a tantance aro da gado ta tafi tare da su.