Zaren Tsiro Mai Rage Shigar Maiƙo Jiki: Bayaninsa da Matsayinsa a Shari'a

Selulos shi ne zaren da ke ɗaure jikin tsiro, kuma cikin ɗan Adam ba ya narkar da shi. Masana kimiyya kan ciro shi daga itace ko auduga, su farfasa shi da injuna ko da ruwan asid har kaurinsa ya koma ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Wannan shi ake kira nanoselulos.

A shekarar 2018, masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun bayyana a mujallar ACS Nano cewa zuba shi cikin abinci mai maiƙo ya rage narkewar maiƙon da kusan rabi a gwajin ɗakin bincike. A jikin ɓeraye kuwa, hauhawar maiƙon jini bayan cin abinci ta ragu da kashi 36 cikin ɗari. Dalili shi ne ɗige-ɗigen maiƙo suna dunƙulewa a jikin zaren, ya kuma riƙe gishirin ruwan matsarmama, sai sinadarin da ke narkar da maiƙo a hanji ya kasa cim musu duka.

Ta fuskar fiƙihu, asalin tsiro halas ne kuma mai tsarki, ƙanƙantar da shi ba ta canza wannan hukunci. Sai dai halaccin asali bai wadatar ba. Wajibi ne a binciki abin da aka cuɗanya da shi wajen sarrafawa, ko akwai najasa a ciki. Sannan a auna shi da ƙa'idar kawar da cuta, domin bitamin A, D, E da K tare da maiƙo suke shiga jiki, abin da ya tare maiƙo yana iya tauye su. Sakamakon gwaji a ɓera ba hujja ce yankakkiya a kan mutum ba, don haka bai kamata mufti ya riga ƙwararrun likitoci yanke hukunci ba.

Idan amincinsa ya tabbata, mai fama da ƙiba ya yi amfani da shi a babin neman magani. Wanda kuwa ya ɗauke shi garkuwar cika ciki, hanin ɓarna da ke aya ta 31 a Suratul A'araf yana nan a kansa, domin ayar ta rataya ne ga aikin mai ci, ko jiki ya tsotse maiƙon ko bai tsotse ba. Allah ne Mafi sani.