Gidan Fatoma

A da, bafatake idan ya sauka a garin da bai san kowa ba, ba kasuwa yake fara nema ba, gidan fatoma yake tambaya. Haka abin ya kasance tun zamanin da ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, a yi wata da watanni a hanya, a kai kanwa da tufafi Salaga a sayo goro.

Fatoma zai ba baƙo ɗaki, ya nuna masa inda zai ɗaure jakuna, ya karɓi kuɗinsa ya adana. Kuɗin kwana kuwa ba a ma zancensa. Rabon maigida yana cikin la'adar da za ta fito in an yi ciniki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin matan gidan. Tun asuba suke kan murhu, koko da safe, tuwo da dare, yara na ta safarar akushi zuwa zaure, saboda mutanen da ba za su taɓa ganin fuskarsu ba. Bafatake kan manta nawa ya sayar da kaya bara, amma ba ya manta gidan da aka ba shi ruwan zafi ranar da zazzaɓi ya kayar da shi. Baɗi can zai koma, ya kuma ja 'yan garinsu.

Nauyin bai tsaya a ciyarwa ba. A unguwar Sabo ta Ibadan, a da mahauta kan ɗauki shanu bashi, maigida ne ke tsaya musu. In mahauci ya gudu, shi zai biya mai shanu daga aljihunsa, ko da zai kwana da yunwa, don in labari ya kai Arewa cewa an ci kuɗin baƙo a gidansa, zaurensa ya mutu ke nan. Da irin wannan ake zama babba a kasuwa. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ɗan Bebeji, da goro ya fara, kuma lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka buɗe cinikin gyaɗa, ƙarfinsa yana ga yaran da ya ba jari suka bazu ƙauyuka. Ya rasu a 1955, zuriyarsa na kan kasuwanci har yau.

Ƙaramin ɗan kasuwa ma yana da nasa. Mai awo ya cika mudu ya ƙara ɗan hannu, mai goro ya ƙirga ƙwarya ya jefa biyu a kai. Dattawa sun sha musu a kan gyara: wasu na cewa haƙƙin mai saye ne, ya roƙa babu kunya, wasu na cewa alheri ne, in an roƙa ya lalace. Ni ina tare da na biyun.

Yanzu baƙo otal yake kwana. Daga Yamai ko Marwa mutum zai turo kuɗi ta waya, a ɗaure masa dila a Kantin Kwari ko a loda buhuna a Dawanau bai zo ba. Amanar tana nan, ina alfahari da ita. Sai dai yaron shago da bai taɓa kai wa baƙo akushi ba, wuya ne ya ɗago kai daga waya ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji, a kawo ruwa?"