Rubutu biyu a kan kwabo ɗaya: daga hatimi ne ko daga inji?

A shekarar 1955 gidan buga kuɗi na Filadelfiya a Amurka ya fitar da wasu kwabbai na senti ɗaya, masu hoton Abraham Lincoln, waɗanda rubutunsu ya fito biyu-biyu. Kalmar LIBERTY da lambar shekarar da rubutun da ke sama da kan Lincoln duk sun ninku, ana gani ba sai an sa madubin ƙara girma ba. An ƙiyasta cewa 20,000 zuwa 24,000 ne suka shiga hannun jama'a, kuma a yau ko wanda ya sha hannu kuɗinsa yakan haura dala 1,000. Tun daga nan masu tara tsabar kuɗi suke ta dube-dube, sai dai akasarin abin da suke tsinta wani ninki ne dabam, wanda ba ya ƙara wa kwabo daraja ko kaɗan.

Bambancin yana can inda ninkin ya samo asali. Ana buga kwabo ne da hatimin ƙarfe guda biyu, na fuska da na baya, a danne faifan tsakaninsu. Shi kansa hatimin daga wata uwa ake ciro shi, wani ƙarfe mai tauri da zanen ya taso a kansa. A da dannawa ɗaya ba ta isa zanen ya shiga sosai, sai a gasa hatimin ya yi laushi, a mayar da shi ƙarƙashin uwar a sake dannawa. Idan wajen mayarwar ya ɗan juya ko ya goce, zane na biyu zai zauna kusa da na farko. To ninki ya shiga jikin hatimi ke nan, kuma duk kwabon da ya buga zai fito da shi, wuri ɗaya, kamanni ɗaya. Saboda haka ne ake iya yi wa irin wannan ninki rajista, a sa masa lamba a littafi, a kuma yi cinikinsa da sunansa.

Ninkin inji kuwa hatiminsa lafiya lau yake. Ɗaurinsa ne ya yi sako-sako, sai bayan bugu ya yi ɗan tsalle ko ya zame, ya shafce gefen harufan da ya riga ya fitar. Kamar tambarin ofis ne: in mai sassaƙa shi ya maimaita harafi, kowace takarda za ta nuna, in hannun akawu ne ya yi karkarwa, takarda ɗaya ce ta ɓaci, ta gaba ta fita fes.

Yadda za a gane su a zahiri shi ne a sami madubin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10, a sa fitila ɗaya daga gefe, a riƙa karkata kwabon a hankali. A ninkin hatimi zane na biyu yana da tudu da kumburi irin na farkon, tsayinsu kusan ɗaya, har da ɗan kwari a tsakani. A ƙarshen harufa, wajen kusurwoyi, sai ka ga tsaga, baki ya rabu biyu. Harafin ya fi na kullum kauri, domin ƙari aka yi masa. A ninkin inji sashe na biyu shimfiɗe yake, ƙasa-ƙasa, sau da yawa yana ƙyalli saboda ƙarfen da aka kankare, kuma ainihin harafin ya rame domin daga jikinsa aka ci. A ganina wannan tambaya ta kauri ita ce ta fi amfani ga sabon shiga: ɗauko wani kwabo na shekara ɗaya ka ajiye a gefe, ka duba ko harafinka ya ƙaru ne ko ya ragu.

Akwai wata alama mai kyau a kwabban Amurka na kafin 1990. A lokacin, ɗan harafin da ke nuna gidan da ya buga kuɗin, D na Denba ko S na San Faransisko, da hannu ake doka shi a hatimi bayan an gama da uwa. Ke nan ninkin da uwa ta haifar ba zai taɓa shi ba. Senti na 1969 mai S shi ne shahararren misali: a na gaske shekarar da rubutun sun ninku, amma S ɗin tilo ne. Idan S ya ninku zuwa gefen da shekarar ta ninku, inji ne. Na gasken yana da wuyar samu ƙwarai, har jami'an tsaron Amurka suka ƙwace wasu da farko suna zaton jabu ne, kuma yanzu dubban daloli masu yawa ake sayensa.

Hatimin da ya tsufa ma yakan fitar da wata inuwa a gefen lambobi, mai dishi-dishi marar kaifi. Ita ma ba ta da wani farashi.

Daga tsakiyar shekarun 1990 Amurka ta koma danna hatimi sau ɗaya, don haka manyan ninki irin na 1955 suka yi ƙaranci, waɗanda ake samu yanzu yawanci ƙanana ne a tsakiyar zane. Wanda ya ga alamun na gaske a hannunsa kada ya wanke kwabon ko ya goge shi, domin gogewa tana karya farashi. Ya gwada shi da hotunan da aka yi wa rajista, in kowace tsaga ta dace sai ya aika wa kamfanin tantancewa irin PCGS ko NGC.