Tunkiyar Da Ta Faɗi Ba Mushe Ba Ce

A ƙasar Amurka akwai waɗansu gonaki inda a ke ajiye dabbobin da aka ceto, ba a yanka su, ba a sayar da su, sai su zauna har ajalinsu ya zo. Wadda ta fi suna ita ce Farm Sanctuary, a garin Watkins Glen cikin jihar New York. Asalinta kuwa tunkiya guda ce. A 1986 wani mutum, Gene Baur, da abokiyar aikinsa suka je babbar kasuwar dabbobi ta Lancaster, suka iske an jefar da ita bisa tarin mushe. Da suka matso sai ta ɗaga kai. Suka kai ta wurin likitan dabbobi, ba a jima ba ta miƙe. Ashe wahalar mota ce ta kayar da ita! Suka sa mata suna Hilda, ta rayu har 1997.

A ganina irin wannan gona ba za ta zauna a kudancin Kaduna ba, domin tunkiya ita ce asusun talaka, da ita a kan biya kuɗin makaranta. Abin da mu ke da shi mai kama da ita shi ne gidan mai unguwa, inda a kan kai ɓatacciyar dabba a yi ta cigiya. Amma mu ma mu kan yi saurin fid da rai ga tunkiyar da ta faɗi, musamman Uda da Balami da a ke kawowa Kafanchan daga arewa, waɗanda ba su saba da yawan ruwan samanmu ba.

To, 'yan'uwana da za mu fita koyarwa ƙauyuka, ga abin yi. A ware ta a inuwa. Kada a bar ta kwance bisa haƙarƙari, sai a tokare ta ta zauna bisa ƙirjinta, in ba haka ba iska za ta taru a tumbinta, ya kumbura, ya toshe numfashi. A ba ta ruwa da ɗan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, ban da ɗure, don kada ya bi ta huhu. Sa'an nan a buɗe fatar idonta ta ƙasa. In ta yi fari fat, yawanci tsutsar ciki ce ta shanye jininta, aikin malamin dabbobi ke nan. Harawa da dusa kuwa sai ta fara tuƙa.

In ko akwai majina da tari da zawo, mai yiwuwa ciwon nan ne da likitoci ke kira PPR, mai gama garke cikin 'yan kwanaki. Rigakafinsa a Vom a ke yi, nan kusa da Jos. Kada a mayar da ita cikin sauran sai malamin dabbobi ya duba ta.