Bidiyon biki ba tumu ba ne

Kowa a Mamudo ya san gero ba ya tashi daga gona ya faɗa akushi. An yanke shi, an ɗaure dami, an kai rumbu, to da sauran sussuka, da shiƙa a bakin iska, da surfe, da wanki, da niƙa, da tankaɗe, kafin a ɗora sanwa. Babu magidancin da zai dire dami a tsakar gida ya wanke hannu yana jiran tuwo nan take. Amma wannan magidancin, ranar da ya aurar da 'yarsa, washegari da sassafe zai kira yaron da ya ɗauko daga Potiskum don ɗaukar bidiyo: "Yaro, ina faifan namu?" Yaron kuwa ko barcin gajiya bai gama ba, sai dai ya ce, "Baba, a ƙara haƙuri, ana kan aiki." Baba ya ajiye waya yana ƙorafin 'yan zamani ba su da alƙawari.

Abin da Baba ya gani da idonsa girbi ne kawai. Ya ga yaron da kyamara a kafaɗa tun wurin ɗaurin aure, yana kutsawa tsakanin manyan riguna, yana ja da baya ba tare da ya waiwaya ba, har ya kusa taka tabarmar liman. Ya gan shi a walima, ya gan shi da magariba wajen kai amarya yana ɗaga fitila saboda wuta ta ɗauke. Wahala ce ta gaske. A watan Afrilu zafin wannan yanki yana haura digiri 40, kyamara ta yi zafi har ta kashe kanta, lokacin hunturu kuma ƙura ce ke neman hanyar shiga gilashinta. Duk da haka, abin da yaron ya koma gida da shi a katin memori zangarniya ce, da ƙaiƙayinta da tsakuwarta.

Aikin yana farawa ne a ɗaki, gaban kwamfuta, inda babu mai gani balle ya yaba. Hoton awa biyar ko shida ne za a mayar da shi minti arba'in. Nan wani ya gifta da buta ya rufe fuskar ango, a cire. Nan gwaggon amarya tana hamma, a cire, don in ta ga kanta haka a talabijin ba za a ji daɗi ba. Nan ƙarar janareta ta danne muryar waliyyi daidai lokacin da ake faɗin sadaki, wannan kuwa ba ya ciruwa, dole a zauna a yi ta rage ƙarar har maganar ta fito. Kowace daƙiƙa ɗaya ta bidiyo kan kai hotuna 25 a jere, kuma wani lokaci tsakanin kyakkyawan yanka da mummuna hoto uku ne kacal. Mace mai shiƙa ta san in ta ɗaga ƙwarya fiye da kima iska za ta kwashe har da tsaba, in ta sauke ƙasa ƙaiƙayi zai zauna. Mai tace hoto ma da wannan awon yake aiki, kuma a ganina a nan ake bambanta gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yana jin tausayin duk abin da ya ɗauka, sai ya ba ka faifan awa uku da ko amaryar ba za ta kalla har ƙarshe ba.

Ba a biki kaɗai haka take ba. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, zamanin kaset, har zuwa shirye-shirye masu dogon zango da tashar Arewa24 ta saba wa mutane da su bayan buɗe ta a 2014, sunan jarumi ake riƙewa. Edita sai can ƙarshe, cikin rubutun da ke wucewa lokacin da 'yan kallo suka riga suka miƙe.

Yanzu kuma ga waya a hannun kowa. Kafin amarya ta isa ɗakinta, ƙawaye sun watsa ta a WhatsApp da TikTok, har wasu na tambayar amfanin biyan mai bidiyo. Ni ban raina hoton waya ba. Tumu ne: a karyo zangarniya ɗanya, a gasa, a murje a tafin hannu, a watsa a baki, ga daɗi ga sauri. Sai dai ba a tara tumu a rumbu. Wayar za ta cika a goge, ko ta faɗa ruwa, ko a sayar da ita da duk abin da ke ciki.

Rumbun mai bidiyo ma yana da nasa ƙwarin. Katin memori kan lalace ba gaira ba dalili, kuma biki ba fim ba ne da darakta zai ce a sake. Shi ya sa mai hankali cikin masu bidiyo, da ya shiga gida, kafin ya ci abinci, yake kwafe aikin wuri biyu. Kuɗin wannan ma'ajiya daga aljihunsa yake fita, haka man janareta, haka batir, haka kuɗin mota zuwa Mamudo da dawowa. Abin da ke hannunsa kafin alƙalami ne kawai. Cikon sai ranar da ya kawo aiki, kuma a ranar an riga an biya masu abinci, an biya mai rumfa da kujeru, an sallami 'yan rakiya, aljihun Baba ya bushe. Sai a karɓi faifan, a kunna, a yi ta dariya ana nuna juna, sannan a ce masa ya dawo bayan Laraba, in an sayar da sa a kasuwar shanu ta Potiskum.