Labarin Hurumin Birnin Adelaide da Shawarar Mutanensa

Ku sani cewa a kudancin ƙasar Ostareliya akwai wani birni da ake kira Adelaide, wanda ba ganuwa ce ta kewaye shi ba, hurumi ne na itatuwa da ciyawa. A kan wannan hurumi mutanen garin suka daɗe suna gardama da shawara, kuma cikin labarinsa akwai fa'ida ga duk wanda ke zaune a birni.

Asalin al'amarin shi ne, a shekarar 1837 wani safiyo Bature, Kanar William Light, ya zana garin a bakin kogin Torrens, a ƙasar ƙabilar Kaurna waɗanda suka riga Turawa zama a wurin. Ya yanka filayen gidaje da kantuna eka 1,042, sa'an nan ya bar kimanin eka 2,300 kewaye da su, ba na sayarwa ba, domin shan iskar jama'a. Da aka ji tsoron kada masu kuɗi su saye shi, sai Gwamna Gawler ya ɗauki alkawarin biyan fam 2,300 a 1839, don filin ya tabbata na kowa.

To, amma abin da yake na kowa shi ne abin da ba shi da mai tsaro. Cikin shekarun farko aka sare itatuwansa don girki, aka haƙa ƙasarsa don tubali, aka sake masa shanu, aka mai da sashensa juji. Sai a 1880 John Ednie Brown, masanin gandun daji, ya rubuta tsarin dashe, kuma August Pelzer, wanda ya riƙe lambunan birnin daga 1899 zuwa 1932, ya cika shi da itatuwa.

Sa'an nan wata ɓarna ta fi ta gatari, ita ce ta gini. Kurkuku, da maƙabarta, da tashar jirgin ƙasa, da jami'a, da asibiti, kowane ya ɗebi rabonsa, kowane kuwa da hujjarsa mai kyau. Daga 1985 zuwa 1995 har tseren motoci na duniya aka riƙa yi a gefensa na gabas. Da kaɗan da kaɗan, abin da ya saura bai wuce kimanin hekta 760 ba, wato wajen eka 1,880. Ganin haka ya sa waɗansu mutanen gari suka kafa ƙungiyar kare hurumin a 1987.

A 2005 majalisar dokokin jihar ta yi doka ta musamman. Dokar ta kafa hukuma mai ba da shawara, wadda daga baya aka ƙara mata suna Kadaltilla da harshen Kaurna. Rabin wakilanta daga majalisar birni, rabi kuma ministan jiha ke naɗawa. An wajabta mata rubuta kundin yadda za a tafiyar da hurumin, da sake duba shi aƙalla sau ɗaya cikin shekara 5. A 2008 kuma gwamnatin tarayya ta shigar da hurumin cikin jerin kayan tarihin ƙasa.

Ga yadda shawarar take gudana. Ana fara tambayar jama'a abin da suke bukata, sa'an nan a rubuta daftari, a baje shi a fili, a ba da wa'adi don kowa ya kawo ra'ayinsa a rubuce ko a taro. Haka aka yi a 2022 da 2024 kan kundin da ya nufi shekarar 2036, lokacin da garin zai cika shekara 200. Masu wasanni suna son ɗakunan sauya tufafi. 'Yan kasuwa suna son bukukuwan da ke jawo baƙi. Mazauna unguwanni suna son inuwa, domin zafin bazarar garin yakan wuce awo 40. Dattawan Kaurna kuwa suna son a girmama wuraren kakanninsu.

Shin muryar talaka tana da nauyi? Wani lokaci tana da shi. A 2007 aka so gina babbar rumfar 'yan kallo a filin sukuwa. Jama'a suka ƙi, majalisar birni ta hana. Wani lokaci kuwa ba ta da shi. A 2022 majalisar jiha ta yi doka dabam don gina asibitin mata da yara a gefen yamma, a 2025 kuma ta yi wata ta karɓe filin wasan golf daga hannun majalisar birni.

Abin lura a nan, ya jama'a, shi ne: babu wanda ya taɓa neman hurumin dukkansa, kowa ɗan yanki yake roƙo, da dalili mai daɗin ji. Alhali kuwa ciyawa tana komawa gini cikin shekara guda, gini bai cika komawa ciyawa ba. Saboda haka amfanin shawara yana ga abu biyu: a yi ta tun ba a haƙa harsashi ba, kuma mai iko ya yarda ta ɗaure shi. In ɗayansu ya ɓace, taro ne kawai aka yi aka watse.